Godiya Bayan Fitowar Kundin Kiɗana

Alhamdu lillahi, kundin ya fita, yana kan dandalan sauraron kiɗa na Audiomack da Boomplay da Spotify, kuma sai a daren jiya na samu barcin da rabona da irinsa tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini kwamfuta. Duk kun san abin da ya biyo baya, aikin kundin da ke cikinta ya salwanta, saboda haka ba zan sake tono shi ba. Godiya ce ta kawo ni.

Mai fitar da kiɗansa da kansa shi ne mai haɗawa, shi ne mai tace sauti, shi ne kuma mai biyan kamfanin rarrabawa irin su DistroKid kafin waƙa ta hau dandalin sauraro. Shigowar Spotify Najeriya a 2021 ta buɗe mana ƙofa, amma idan ma'ajiyar kwamfutar mutum ta mutu, babu wani ofishi da zai je ya karɓo kwafin aikinsa. Ni abin da ya cece ni shi ne sassan da na raba wa masu yi mini rimiks, wato sake haɗa waƙa da sabon salo, domin a al'adar wannan aiki ana ware ganga daban, murya daban, a tura wa kowa ya gina nasa salon a kai.

Duk abin da na buga a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio zan iya sake bugawa, ko da ba zai zo daidai da na farko ba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne gurmin Baba, dattijon nan na Tudun Wada da na naɗa a zaurensa kafin Allah Ya karɓi rayuwarsa a daminar bara. Mutum ɗaya kawai na taɓa tura wa asalin naɗin, wato abokin aikina na Kano, kuma da na kira shi muryata rawa take yi, don na san mutane kan goge manyan fayiloli da zarar sun gama aiki. Ya yi shiru yana dubawa, ina jin ƙarar maɓallan kwamfutarsa, can sai ya kara mini wayar a jikin lasifika, na ji Baba yana gyaran murya kafin ya taɓa tsirkiya. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Intanet ta ƙi ɗaukar fayilolin saboda nauyinsu, shi kuma ya ƙi amincewa ya ba direba saƙo, sai ya shigo mota da kansa, muka haɗu a tashar Kawo da ke Kaduna, ya ciro filas daga aljihun gaban rigarsa a naɗe cikin hankici. Ya hana ni biyan kuɗin motarsa. Ɗan'uwana, na san ba ka son a faɗa, amma ka yi haƙuri, ba zan iya ɓoye wannan ba.

Ina godiya ga 'yar'uwar da ke Jos wadda ta ajiye nata rimiks ɗin na salon amafiyano, kiɗan nan na Afirka ta Kudu, har ta fara dawo mini da sassana, da malamin gyaran kwamfuta na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya gaya mini gaskiya maimakon ya ci kuɗina, da Yaya da ta ara mini kwamfutar aikinta, da Inna da ba ta fahimci wannan kiɗa ba amma ba ta fasa yi mini addu'a ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya buɗa muku ƙofofin arziki, Ya raba ku da asara, Ya raya muku zuri'a. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Akwai 'yan'uwa na jini da na sa ran ko da kiran waya daga gare su, ban samu ba. Wataƙila har yanzu ba su ɗauki wannan a matsayin sana'a ba, na kuma yi musu uzuri.

Sunan kowane mai rimiks yana rubuce a gefen waƙarsa, kuma kason da ya shigo daga waƙar gurmi zai riƙa tafiya kai tsaye ga iyalan Baba, kamar yadda muka amince da babban ɗansa.