Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tattakin Aji

Makon jiya na tsaya a inda na samu ɗaki a birnin Pune na ƙasar Indiya, a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Aji, wato kaka da yaren Marathi. Ina wata na biyar a gidan damina ta sauka. Wata safiya na fito zan tafi makaranta, sai na tarar an toshe titi. Jama'a ba masaka tsinke: maza cikin fararen kaya da tutoci ruwan goro, mata da tukwanen tulsi, tsiron da suke tsarkakewa, a ka, ana kaɗa kuge ana waƙa. Lakcar da ban samu ba ke nan.

Da na koma gida na iske Aji tana ɗaure ƙunshinta. Ashe jama'ar da na gani 'yan Warkari ne, wata ɗariƙa ta addinin Hindu, sun taso daga Alandi da Dehu ɗauke da takalman waliyyansu biyu, Dnyaneshwar da Tukaram, za su taka wajen kilomita 250 cikin kusan mako uku zuwa Pandharpur, inda wurin bautar Vitthal, abin bautarsu, yake.

Na ce, "Aji, da wannan gwiwar taki?"

Ta yi dariya, ta zaunar da ni. A imaninsu mutum yana mutuwa ransa ya sake dawowa duniya, haka dai ba iyaka, har sai ya samu moksha, wato kuɓuta. Wasu ta ilimi suke nema, wasu ta aikin da ba a jiran lada. "Ni ko harafi ɗaya na Sanskrit, yaren littattafan addininmu, ban sani ba, ɗana. Hanyata bhakti ce: in so Vitthal, in kira sunansa." Ta shafa carbin tulsi da ke wuyanta, duk ya yi baƙi saboda daɗewa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne da ta ce kuɓutar ma ba ta dame ta ba. Wai Tukaram kansa ya yarda a sake haihuwarsa, muddin ba zai manta da Vitthal ba. Ni dai da addinina, ita ma ta sani, don ita ke ƙwanƙwasa min ƙofa lokacin sahur. Amma na daɗe ina juya maganar.

Ta miƙo min mukullin gida da na akurkin ɗakin girkinta, ta ce in riƙa shayar da tulsin tsakar gida. Kwana tara da tafiyarta aka bugo waya da daddare.

Mu haɗu mako mai zuwa.