Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a wannan shekarar karatu

Assalamu alaikum. Jiya muka rufe zangon ƙarshe muka raba wa yara sakamakonsu, kuma tun da na dawo gida raina bai kwanta ba sai na rubuta wannan godiya. Alhamdulillahi.

Waɗanda ke tare da mu sun san yadda bara ta ƙare. Sakamakon makarantarmu, ƙaramar sakandaren gwamnati, ya zube ƙwarai, musamman a lissafi da fahimtar karatu. A taron iyaye da malamai magana ta yi zafi. Wasu suka ce yaran da suka shigo daga baya ne suka ja mu ƙasa, 'ya'yan baƙi waɗanda harshen gidansu ya bambanta da wanda muke koyarwa da shi. Wasu suka ce ɗan talaka dama ba ya ja. Ni ce aka ɗora wa tattara sakamako, ina zaune ina ji, maganar kuwa ta soke ni, domin yaran da ake nufi na san fuskar kowannensu.

Godiyata ta farko ga shugabar makarantarmu. Ranar ba ta yi musu da kowa ba. Washegari ta kira ni ofis ta ce, "Malama, ki warware mana wannan makin. Jimillar aji ba ta gaya mana wane yaro ne ya faɗi, balle dalili." Muka kwashe makonni muna rarraba takardu: maza da mata, waɗanda suka fara da mu tun ajin farko da waɗanda suka shigo tsakiyar shekara, sannan muka ɗora rajistar kiran suna a kai.

Ba zan ɓoye ba, tazarar tana nan. Yaran gidajen da ke fama da rashi sun fi yawa a ƙasan jeri. Tun 1966 rahoton Coleman a Amurka, wanda ya duba ɗalibai sama da 600,000, ya nuna halin gidan da yaro ya fito yana da nauyi sosai a karatunsa, mu ma abin da muka gani ke nan. Sai dai rajista ta nuna mana wani abu da hannunmu zai iya kaiwa. Fashin kwana biyu a wata ba ya ɗaga wa iyaye hankali, alhali in aka tara shi ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta, iyakar da masana ilimi ke ɗauka a matsayin fashi mai cutarwa. Masu irin wannan fashin muka tarar sun cika ƙasan jeri, ko 'ya'yan waye. Baƙin da ake zargi kuwa, masu zuwa kullum daga cikinsu da dama sun wuce 'yan gida.

Abu na biyu shi ya sa ni hawaye. Muka zaunar da yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta mana ɗan gajeren labari da babbar murya. Akwai wani yaro a ajina mai rubutu kamar an buga da inji, littafinsa tsaf, duk abin da na rubuta a allo yana ciki. Na miƙa masa takarda, ya ɗora yatsa a layin farko, yatsan ya tsaya cak a kalma ta uku. Ashe zana haruffan yake yi, bai san me suke cewa ba, kuma ya daɗe a gabana ban gane ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta, bayan annobar korona ƙiyasin ya haura zuwa kusan 70. Na sha jin alƙaluman nan, ranar na gan su zaune a kujerar gaba.

Daga nan muka ari dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu kyautar Nobel ta 2019, suka taimaka wajen gwada ta: a ware lokaci kullum a haɗa yara bisa inda karatunsu ya tsaya, a manta da ajin da suke. Mai neman harafi da masu neman harafi, mai haɗa jimla da 'yan'uwansa.

'Yan'uwana malamai, ku kuka ɗauki wannan nauyi. Kun tsaya bayan an tashi ba tare da an ƙara muku komai ba, har malamin kimiyya ya zauna yana koyar da baƙi da wasali bai ji girman kai ba. Allah ya saka muku da alheri.

Iyayenmu, mun gode da kuka karɓe mu a gidajenku ba ku ɗauke shi cin fuska ba. Ina tuna wata uwa da 'yarta ke yawan fashi saboda renon ƙanne. Ta saurare mu shiru, ta ce, "Malama, ban san kwanakin sun kai haka ba." Tun daga makon ta nemi maƙwabciya suka riƙa karɓa-karɓa, yarinyar ba ta ƙara fashi ba sai da rashin lafiya.

Baba mai gadi, kai ka fara sanin wanda bai zo ba kafin rajista ta sani. Mun gode. Manyan ɗalibanmu da suka zama tafintoci tsakaninmu da sababbin zuwa, Allah ya yi muku albarka.

Sakamakon bana ya ɗaga, fahimtar karatu ta fi motsawa, lissafi har yanzu da saura, kuma yaran da suka shigo a makare ba su gama cimma sauran ba. Yaron nan nawa, jiya da ya karɓi takardarsa bai miƙa wa kowa ba, a tsaye ya karanta abin da na rubuta masa da kansa. Ajin karatu zai ci gaba tun makon farko na sabon zango in sha Allahu, kuma muna neman iyaye da tsofaffin ɗalibai masu awa ɗaya a mako su zo su zauna da yaro guda ya karanta musu.