Daminar Bana da Bukukuwan Jikokina

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, a da ba a san damina da biki ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san dalili, domin daga saukar ruwan shuka a watan Yuni har zuwa nunar gero a watan Satumba kowane hannu yana gona, a gama firi a shiga maimai, rumbu kuwa ya riga ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage a cikinsa ana aunawa ne da lissafi don ya kai iyali ga sabon hatsi. Saboda haka ɗaurin aure da tarewar amarya da kaciyar yara da wasannin kokawa duk ajiye su ake yi sai an yi girbi, an sayar da gyaɗa da riɗi, hanya ta bushe, baƙo zai iya zuwa ya koma ba tare da ya ratsa ruwa ba. Suna ne kaɗai ba ya jiran kowa, domin kwana bakwai ne ko da marka ko ba marka.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne kalandar makarantar boko. Jarrabawar WAEC ana yin ta ne a watannin Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo bayanta, zango na uku ya ƙare a Yuli, sannan a shiga dogon hutu har Satumba. A wannan hutun ne kawai 'ya'yanmu da ke aiki a Kano da Dutse da Kaduna suke samun sukunin kawo mana jikoki su daɗe, don haka duk wani taron da ake son dangi su halarta sai a tura shi cikin waɗannan makonni. Ga kuma Babbar Sallah, wadda a 2023 da 2024 da 2025 ta faɗo a watan Yuni, ta ƙara jawo mutane gida a farkon damina. Ni kaina ina cikin waɗanda suka kawo wannan kalanda ƙauye, domin na fara koyarwa a firamare ne a lokacin shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, kuma a aji na yi ritaya. Bana sai ga shi na shafe damina ina tsakanin gona da tabarmar taro, kuma abin da na gani a waɗannan tarurruka ya bar ni da wani tunani da nake son in faɗa wa 'yan uwana iyaye da kakanni.

Da suna muka fara. Matar ɗan autana ta haihu ana tsakiyar firi, aka raɗa wa yaron sunana, shi ya sa a gidan ba mai kiransa da sunan yanka sai dai Abba. An ɗaura niyya da sassafe a ƙofar gida, an raba goro da dabino, an yanka rago, wanzami ya yi aski, kafin hantsi maza sun watse sun nufi gonakinsu, mata kuwa suka yi yininsu. Wannan ba sabon abu ba ne, haka aka yi mana, haka muka yi wa 'ya'yanmu.

Taron da ya fi taɓa zuciyata shi ne saukar Alƙur'ani ta jikana ɗan babbar 'yata, wanda ya yi karatunsa a makarantar allo ta garinmu a hannun alaramman da ya gaji mahaifinsa. Wanda bai zauna a makarantar allo ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan rana. Yaro yana farawa ne da babbaƙu, ya shiga farfaru, sannan ya fara rubuta allonsa da kansa da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, ya biya wa malam, ya wanke, ya sake rubutawa, a haka yake tafiya daga ƙananan surori yana haurawa har ya cika izu sittin. Shekaru ne na sanyin asuba da hayaƙin wutar kara da daddare, kuma a cikinsu yaron nan bai daina zuwa makarantar boko ba, bai kuma daina bin mahaifinsa gona ba. Ranar walima aka sa masa babbar riga aka naɗa masa rawani, ya zauna a kan buzu a gaban malamai, aka miƙa masa allon zayyana, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara da ruwayar Warshu irin ta tsangayunmu, malam yana biya masa yana maimaitawa. Da ya kai ƙarshe aka shafa fatiha, na duba sai na ga dattawan da ban taɓa ganin hawayensu ba suna goge ido da bakin riga.

Allon zayyanar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Wani gardi ne a makarantar ya zana shi, ba da tsinken awo na kanti ba, da alƙalami da zare da idonsa kawai, ya ƙawata gefunan da baƙi da ja da ruwan ɗorawa da kore, ya bar fili a tsakiya inda aka rubuta ayoyin. Duk wanda ya riƙe allon sai ya yaba, amma ban ji wanda ya tambayi sunan mai zanen ba. Bayan taro na nemi gardin na yi masa godiya, na tambaye shi inda ya koya, ya ce, "Baba Malam, a wurin wani gwani na gani lokacin da muke gabas, ina kallo ina gwadawa a ƙasa har hannuna ya faɗa." Wannan magana ta zauna mini a rai har zuwa ƙarshen damina.

Bayan haka sai walimar jikata ta fari, wadda ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Dutse. A zamaninmu wanda yake son digiri sai ya tafi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko kuma Bayero a Kano, kuma 'ya mace daga ƙauye irin namu ba ta ma cikin wannan lissafi. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, jami'ar Dutse ta zo a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, kuma kusancin nan ne ya sa iyaye da yawa suka yarda su saki 'ya'yansu mata, tunda uba zai iya zuwa ya ga 'yarsa ya komo gida a yini guda. Ba mu jira taron yaye ɗalibai na jami'a ba, domin wannan yana da lokacinsa, mun dai dafa shinkafa da waina, an kira liman ya yi addu'a, ƙannen kakarta suka yi ta guɗa. Da ta durƙusa ta gaishe ni na ce mata, "Amaryata, Allah ya sa wa karatun nan albarka, ya sa ki amfani mutane da shi." Ta ce, "Amin, Kaka, sai dai a ci gaba da sa mu a addu'a, saura bautar ƙasa."

A nan zan faɗi abin da bai kwanta mini ba. An gayyace ni wani taro a birni inda aka sa wa yara 'yan shekara biyar doguwar riga da hular kammala karatu domin sun gama rainon yara za su shiga aji ɗaya, kuma iyaye ne suka biya kuɗin rigar da na hoto da na abinci. Na yi wa jikana murna domin shi ba ruwansa, amma a matsayina na tsohon malami ina ganin rigar da ake sa wa wanda ya sha wahalar shekaru bai kamata a sa wa wanda bai iya haɗa baƙi ba tukuna, balle a wannan lokaci da tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum zumunci.

Bikin zagayowar ranar haihuwa kuwa baƙo ne a gidana, jikokin birni ne suka shigo da shi. Mu ba a rubuta mana ranar haihuwa ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ce an haife ni a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956, uwargidana kuwa an ce mata ana goyonta aka samu mulkin kai a 1960. Abin da iyayenmu suka kiyaye shi ne ranar mako da yanayin shekara, shi ya sa ƙauye ya cika da su Ladi da Talatu da Ɗanjuma da Azumi da Anaruwa. Yaran yanzu da yawa suna da takardar haihuwa, sun san ranarsu da watansu. Malamai sun yi saɓani a kan wannan biki, kuma ban shiga tsakaninsu ba. Da 'yata ta ce, "Baba, yarinyar nan ta cika shekara goma, muna son mu ɗan yi mata wani abu a nan gida," sharaɗin da na kafa shi ne a fara da addu'a, kuma duk abin da aka dafa a kira yaran maƙwabta su ci tare, kada a ware 'yan birni a ɗaki 'yan ƙauye suna leƙe ta taga. Haka aka yi, an yanka kek an raba, kakarta ta ƙara da dafaffiyar masara da gyaɗa, kuma masarar ce ta fara ƙarewa.

Taron da ya fi ƙanƙanta a idon mutane shi ne na fi daɗewa ina tunaninsa. Wata makarantar sakandare a hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta shirya baje kolin ayyukan hannu na ɗalibai kafin a tafi hutu, kuma jikokina biyu sun kai nasu. Macen ta kai faya-fayai da ta saƙa da kaba, wadda ta rina da garura kamar yadda kakarta ta koya mata, namijin kuwa ya kai zanen kasuwar Gujungu da ya yi da fensir, har da masu awo da 'yan kamasho da shanu a ƙarƙashin bishiya, wanda duk mai cin kasuwar ranar Lahadi zai gane wurin. A sauran teburan akwai hulunan da 'yan mata suka ɗinka, da ƙoren da aka yi wa zane da wuta, da jakunkunan fata, da fartanya da lauje na wani yaro ɗan gidan maƙera, da wani da ya gina ƙaramin soro da laka ya yi masa zanko da dagi a goshi. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma iyayen da suka zo ba su cika benci biyu ba.

Wannan ne ya dame ni. Ƙasar nan tamu da aikin hannu ta yi suna tun kafin a san boko. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498, kuma Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yawancin wannan aiki ba a cikin birni ake yin sa ba, a garuruwa da ƙauyuka irin su Kura ake saƙa da rini da bugu, manoma ne da matansu suke kaɗi da saƙa idan an gama aikin gona. Fatar akuyarmu da majema suke jemewa da bagaruwa ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ko duwatsun Birnin Kudu suna ɗauke da zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi, waɗanda ba a san tarihinsu ba. Duk da haka, yau yaro zai shafe shekaru a maƙera ko a gaban dukawa har hannunsa ya nuna, ba wanda zai dafa ko tukunya ɗaya domin shi, alhali an yi wa ƙaninsa hoto da hula saboda ya gama wasa da ƙasa a makarantar raino.

Ban ce a rage darajar allo ko ta digiri ba, Allah ya kiyaye, ni da na ci abinci da alli tsawon rayuwata. Abin da nake cewa shi ne yara suna lura da abin da manya suke taruwa dominsa, kuma daga nan suke gane abin da yake da daraja a gidansu. Jikata mai saƙa ta ga an yanka rago domin ɗan uwanta, ta ga an yi guɗa domin yayarta, sannan ta tsaya a bayan teburinta tun safe tana duban ƙofar makaranta ko mahaifinta zai shigo. Idan ta ajiye kaba gobe ba za a ce laifinta ba ne. Kuma a halin da ake ciki, wanda ya fito jami'a ma sau da yawa sana'ar hannunsa ce take riƙe shi kafin takardarsa ta yi masa rana, matan ƙauyenmu da yawa kuwa da kuɗin ɗinkin hula suke sayen sabulu da littattafan 'ya'yansu.

Na sayi faifai ɗaya a kan farashin da ta faɗa ba tare da na nemi ragi ba, na kuma sa aka yi wa zanen kasuwar firam a Ringim aka rataye shi a zaure kusa da allon zayyana, inda duk mai sallama zai gani ya tambaya. Daga nan na tara 'ya'yana kafin su koma wuraren aikinsu, na ce musu idan an yanke gero an ɗaure dawa za mu yi walima ta musamman domin yaran gidan nan da suka koyi sana'a, a gayyato waɗanda suka koya musu a zaunar da su a gaba, har da gardin nan mai zayyana. Babban ɗana ya ɗauki nauyin shinkafa, uwargida ta ce wainar tata ce. Shugaban makarantar sakandaren kuma ya aiko yana roƙon ko uwargida za ta yarda 'yan mata su riƙa zuwa gida ranar Alhamis da yamma tana nuna musu yadda ake tsaga kaba da rina ta, ta amsa masa cewa su fara zuwa da zarar an koma makaranta.