Garin Gyara wa Yaro Kuskure Na Rasa Alƙalin Wasa

Shekarata ta uku ke nan ina kula da alƙalan wasa a wata gasar ƙwallon ƙafa ta yara 'yan ƙasa da shekara 13, kuma har yau akwai wani taku kamar ashirin da na yi, daga bakin layi zuwa tsakiyar fili a lokacin hutun rabin lokaci, wanda da ana mayar da hannun agogo baya da ban yi shi ba.

Alƙalan da muke amfani da su kusan dukkansu samari ne 'yan shekara 14 zuwa 17 da suka yi kwas suka ci jarrabawar dokoki. Wanda nake magana a kansa shekararsa 15, natsattse ne, ba ya da yawan magana, kuma ranar ce karo na huɗu da ya riƙe usur shi kaɗai a tsakiya. Saura kaɗan a tafi hutu sai ya amince da wata ƙwallo da aka ci ta hanyar satar gida. Ba na musu a kan wannan, domin ina tsaye daidai wurin kuma na ga ɗan wasan ya wuce kowa tun kafin a ba shi ƙwallon. Kocin waɗanda aka ci ya fara ɗaga murya, sai wani uba da ke bayansa ya karɓe zancen: “Rafali, makaho ne kai? Nawa suka ba ka?” Kafin a je ko'ina magana ta bar ƙwallo ta koma kan iyayen yaron, da irin ashar ɗin da ba zan iya rubutawa ba.

Ina jin duk wannan, ban motsa ba. A raina cewa na yi bari a tafi hutu in je in daidaita al'amarin. Da aka busa usur sai na shiga fili, na nufi yaron kai tsaye, na dafa kafaɗarsa, na ɗaga hannu ina nuna masa inda ya kamata a ce ya tsaya da zai ga satar gidan. A ganina aikina nake yi, koyarwa nake yi da ɗuminta tun abin bai shige masa ba. Abin da ban lissafa ba shi ne duk wanda ke bakin fili yana kallon wannan hannu nawa. Ban sauke shi ba sai da na ji muryar mutumin nan daga baya: “Kun gani ko? Ga shugabansu ma yana gaya masa bai iya ba!”

Zagaye na biyu ya lalace gaba ɗaya. Duk usur ɗin da ya busa sai an yi masa ihu, kuma yaran da ke cikin fili, waɗanda a zagayen farko ba su ce uffan ba, suka fara kwaikwayon manyansu. Na ga yaro ɗan shekara 12 ya matso yana tafa masa hannu a fuska. Daga nan sai alƙalin ya yi abin da duk alƙalin da aka firgita yake yi, wato ya daina busawa. Ya riƙa tsayawa nesa da ƙwallo, yana kauce wa ɓangaren da mutumin yake, yana barin ƙeta tana wucewa don kada ya jawo wa kansa wani sabon zagi. Da yara suka fahimci babu mai hukunta su sai wasa ya koma sara da suka, har aka ɗauke wani daga fili yana riƙe da idon sawunsa. Wannan shi ne abin da iyaye masu zagi ba sa ganewa: usur ɗin da suke kashewa da bakinsu shi ne abin da ke tsare ƙafafun 'ya'yansu.

Bayan an tashi ya zo ya same ni, ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce, “Malam, ga usur ɗinku, na gode.” Ni kuwa na ƙara gishiri a kan ciwo, na ce masa, “Yi haƙuri ɗana, haka aikin ya gada, da sannu za ka saba.” Ya gyaɗa kai kawai ya tafi. Mako ya zagayo bai zo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai idan na tuna shi ne gyaran nan ba shi da wani amfani a wannan lokacin ko kaɗan. Doka ta 5 cikin dokokin wasa da hukumar IFAB ke tsarawa ta bayyana cewa hukuncin alƙali a kan abin da ya faru cikin wasa shi ne na ƙarshe, kuma ba zai iya sauya shi ba da zarar an ci gaba da wasa. Ƙwallo ta riga ta zauna. Darasin da na matsu in ba shi zai iya jira har gobe ko jibi, amma zagin da ake yi masa ba ya jira, kuma na bar mai gaggawar na kama marar gaggawar.

Na daɗe ina kare kaina da cewa ai yana da iko a hannunsa. Gaskiya ne tun daga 2019 doka ta ba alƙali damar ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati, kuma idan aka kasa gane wanda ya yi laifin a bencin ƙungiya, babban kocin ne zai ɗauki hukuncin. Ni da kaina na koya masa wannan a aji. Amma rubuta doka daban, yaro ɗan shekara 15 ya taka ya tsaya gaban mutumin da ya kai sa'an mahaifinsa ya ɗaga masa jan kati, jama'a na ihu, daban. Shi kuwa ɗan kallo ma ba shi da kati. Abin da doka ta bar wa alƙali a kansa shi ne ya dakatar da wasa ko ya soke shi baki ɗaya, wanda hukunci ne da manyan alƙalai ma suke jin nauyinsa. Mun ɗauki kaya mafi nauyi a filin mun ɗora wa wanda ya fi kowa ƙanƙanta a cikin masu alhaki, mu manya muna gefe mun harɗe hannu.

Ko a kwamitin ladabtarwa haka abin ya maimaita kansa. Takardar ƙorafi tana jiran sa hannun alƙalin wasa, alƙalin kuwa ya tafi bai rubuta komai ba, saboda haka babu ƙara. Kocin ya ce zafin wasa ne, mutumin nan kuwa mako na gaba yana bakin fili kamar ba shi ba.

Daga nan muka sauya tsari, kuma abu ɗaya ne a cikinsa nake ganin ya yi aiki na gaske. Kafin a take ƙwallo kowace ƙungiya tana ba da sunan babban mutum guda, ba koci ba, wanda zai sa riga mai launi ya tsaya cikin magoya bayan ƙungiyarsa, kuma nasa kawai zai tsawatar wa, domin uba ya fi jin maganar wanda ya sani a kan ta baƙo daga ɗaya ɓangaren. Idan zagi ya fara, alƙali ba ya zuwa wurin kowa: yana tsayar da wasa ya tsaya a tsakiya, sauran kuwa aikinmu ne. Mai riga zai yi magana sau ɗaya, idan aka sake mai zagin zai bar wurin kafin a ci gaba, idan ya ƙi tafiya an tashi wasa kuma ƙungiyarsa ce ta yi asarar maki. Rahoto kuma babba ne yake rubutawa, ko alƙali ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Ranar farko da muka tashi wasa saboda wannan, ƙungiyar wani aminina ce abin ya faɗa wa, kuma ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba. Ban ji daɗi ba, amma ban janye ba, kuma tun daga ranar iyayen da kansu suke kama hannun mai zafin kai tun bai kai ga kalma ta biyu ba.

Sauran matakan aro muka yi. Igiyar da ke raba 'yan kallo da layi, da hana kowa tsayawa bayan raga, mun ɗauko su daga shirin girmama alƙalai da hukumar ƙwallon Ingila ta fara a 2008. Fitar da ɗan wasa na 'yan mintuna saboda gardama, wanda IFAB ta amince da shi ga wasannin yara da na unguwanni a 2017, ya kwantar da bakin yaran fiye da katin gargaɗi, saboda hukuncin nan take suke jin sa. Haka ma ƙa'idar cewa kyaftin kaɗai ke tunkarar alƙali, wadda aka gani a gasar cin kofin Turai ta 2024, ba ta ba mu wahalar koyarwa ba tunda yara sun gani a talabijin. Akwai kuma ƙyallen da muke ɗaura wa alƙalan da ba su kai 18 ba a damtse, wanda har yanzu raina bai kwanta da shi ba. Yana rage zagi, amma yana ba ni haushi a ce sai an manna wa yaro alama kafin babba ya tuna yaro ne, kuma kamar ana cewa wanda ba shi da ƙyalle halal ne a zage shi.

Masu cewa ai baki ne kawai, ina tuna musu da abin da ya faru a garin Almere na ƙasar Holan a watan Disamba na 2012, inda wasu 'yan wasa matasa suka far wa Richard Nieuwenhuizen, ɗan sa-kai mai shekara 41 da ya riƙe tuta a wasan da ɗansa ke bugawa, kuma ya rasu washegari. Ba na cewa kowane zagi can yake kaiwa. Amma yaron da ya tafa wa alƙalinmu hannu a fuska bai zo da wannan daga gida a zagayen farko ba, cikin rabin sa'a ya koye shi a bakin fili.

Yanzu ba na gyara wa alƙali komai a fili. Idan an tafi hutu nakan kai masa ruwa, in tsaya kusa da shi ina fuskantar jama'a, hannayena a aljihu, ko da ya yi kuskuren da ya fi na wancan girma. Maganar inda ya kamata ya tsaya sai washegari, mu biyu, babu mai kallo.

Bayan wata biyu na je na sami yaron don in ba shi haƙuri, da fatan zai dawo. Na fara yi masa bayanin cewa mutumin nan ba zai sake samun irin wannan dama ba, sai ya dakatar da ni cikin ladabi ya ce, “Malam, ba zagin ne ya dame ni ba. Da na ga kun shigo fili, na ɗauka wurin mutumin za ku je.” Ban sami abin da zan ce masa ba. Ya ce zai yi tunani, kuma ban matsa masa ba. Gasa biyu aka yi tun daga lokacin, usur ɗinsa yana cikin jakata da igiyarsa, ban ba kowa ba.