Na Kai Sarƙa Ikko, Winci Ya Ƙi Karɓa

Shekaranjiya na dawo daga Ikko, kuma har yanzu in na kwanta sai in ji gado yana lilo da ni. Tun da na buɗe shago a Ƙofar Ruwa maƙwabta ke ta tambayata yadda ta kaya, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo tafiyar. Yana aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai kai ma'aikata da kayan abinci zuwa manyan jiragen da ke jiran layin shiga tashar Apapa. Ya bugo waya ya ce, "Kawu, tsatsa ta cinye sarƙar ankarmu, maigida na neman mita 50 mai kaurin milimita 10. Na ce masa kawuna sarƙa yake sayarwa." Anka ita ce ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya. To, ina da wata sarƙa ta hannu mai galbanayiz, wato rufin hana tsatsa, da na saya da araha, ta fi shekara tana kwance a bayan shago. Na ce kasuwa ta zo har gida. Abin dariyar, ita kanta sarƙar daga Ikko aka kawo ta Kano.

Irin wannan sarƙar kowace mita ta haura kilo 2, ka ga mita 50 ta wuce kilo 100. A rabin duro muka naɗe ta, ƙarti huɗu suka cicciɓa. A tashar dogayen motoci ta Sabon Gari kuɗin da aka yanka wa duron ya kusa kamo kuɗin kujerata. Na yi ciniki har muryata ta dushe, ɗan abin da suka rage bai kai na shayi da burodi ba.

Zariya, Kaduna, Abuja, duk barci na yi. Bayan mun wuce Lakwaja cikin dare aka tsayar da mu a wani shinge. Wani mai kaki ya haska duron da tocila, ya ce a kira mai shi. Ko sallama babu, sai cewa ya yi, "Wa za ka ɗaure da wannan?" Na ce, "Yallaɓai, ta jirgin ruwa ce." Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce me ya haɗa Bakano da jirgin ruwa. Na miƙa masa rasit, ya karanta da ƙyar, ya sa a aljihu ya tafi ya zauna a benci. Kusan awa guda fasinjoji suna ta yi mini tsaki kafin direba ya je suka yi ƙus-ƙus ɗinsu. Mai kakin nan kuwa yaro ne, bai kai ɗana na fari ba.

A Agege na sauka, gidan wani dattijo mutumin Gwarzo da ya haura shekara 40 a can. Ban taɓa ganinsa ba, ta hanyar ɗan ƙanwata kawai, amma ɗakinsa ya ba ni ya koma falo. Da safe ga koko da ƙosai kamar a Fagge nake. Da na ciro kuɗi zan ba yara, ya ɓata rai ya ce, "Alhaji, baƙo ba ya biyan kuɗin kwana a gidana." Waje kuwa komai da kuɗi. Ɗan malmalar amala da za ka cinye a loma biyar, kuɗinsa zai saya maka tuwo da miyar kuka a nan har ka bar saura. Kowa sauri yake, kowa ihu yake, kwandasta ya bangaje ka ya kuma harare ka.

Washegari aka sa mini rigar ruwa muka shiga jirgi. Ni iyakar sanina da ruwa madatsar Tiga ce, inda masunta ke ɗaura dutse a igiya su jefa, shi ke nan kwalekwale ya tsaya. Nan kuwa a goshin jirgin akwai winci, wato injin jawo anka, mai aiki da batir. A jikinsa akwai wani faifan ƙarfe mai gurabe, jifsi suke kiransa, kowane idon sarƙa yana faɗawa gurbinsa, faifan ya juya ya jawo anka. Muka ɗaura sarƙata, muka fita inda ruwa ke da ɗan zurfi, aka saki anka. Sauka lafiya lau. Ina ta murmushi.

Da aka taka maɓallin jawowa sai inji ya yi ta kuka, faifan ko motsi. Injiniyan jirgin, wani tsoho mutumin Ilaje mai ƙarancin magana, ya ce wannan ba laifin sarƙa ba ne. Ya nuna mini da hannu: zamewa iri biyu ce. In inji na juyawa faifai na tsaye, kuloci ne. In faifai na juyawa sarƙa na tsalle a kansa, to tsakanin sarƙa da faifai ne. Ya cire wutar, ya kwance notin sama, ya zaro ƙarfen kulocin mai siffar mazurari. Gishirin teku da tsohon giris sun daskare a kai kamar ƙanzo. Ya wanke da kananzir, ya shafa sabon giris ɗan kaɗan, ya mayar ya ɗaure tamau. Na ce alhamdu lillahi, na fita.

Ashe da saura. Faifai ya fara juyawa, sarƙa ta taho kamar kamu biyu, sai ji kake ƙarararas, ta yi tsalle ta koma ruwa. Na kai hannu zan gyara mata zama, tsohon ya buge hannuna da ƙarfi, ya nuna mini nasa na hagu, yatsa huɗu ne. Ban sake matsawa kusa ba. Suka duba ko ta murɗe, suka warware. Suka leƙa ramin da take taruwa a ƙasa, don in ta yi tsibi tana toshe hanya ta hana na baya sauka, suka baje ta da sanda. Tsohon ya shafa guraben faifan ko sun cinye, ya ce da sauransu. Sannan ya ɗauko tef ya miƙe sarƙata, ya auna daga bakin ido ɗaya zuwa bakin na goma sha ɗaya: santimita 30. Ya jawo guntun tsohuwar tasu ya auna haka: 28.

Shekara 22 ina sayar da sarƙa, kauri kawai nake aunawa. Wanda zai ɗaure janareta ko ƙofar gareji ina ruwansa da tsawon ido? Ashe a sarƙar anka mai milimita 10 akwai ƙira biyu, DIN 766 mai tsawon cikin ido milimita 28, da ISO 4565 mai 30, kuma kowane faifai da wadda aka yi shi dominta. Milimita 2 ba komai ba ce a ido, amma taruwa take: ido na farko ya zauna daram, na biyu ya ɗan ɗaga, na gaba ya hau kan haƙori, nauyin anka ya fizge. Da hannu matasa uku suka jawo ankar ranar, ɗan ƙanwata ya kasa haɗa ido da ni. "Kawu, wallahi ban sani ba." Na ce ai ni ya kamata in sani.

Mai jirgin ya ce sabon faifai sai an yi odarsa daga waje, ba zai jira ba. A ganina ya yi gaskiya, ko da yake bai kamata ya faɗa yana dariya ba. Muka kwashi duro zuwa kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin, Ƙofar Ruwan su ke nan, sai dai tasu ta fi laka. Da tef a hannuna na bi rumfa shida kafin na sami mai 28. Matar da ke da ita ta fi ni iya ciniki nesa ba kusa ba: ta karɓi tawa, na yi ciko, ribar tafiyar duka ta tsaya a hannunta. Da yamma aka gwada, sarƙa ta riƙa shiga gurbi ɗaya bayan ɗaya har anka ta fito da laka a bakinta. Tsohon ya ɗaga mini babban yatsa.

Kwana biyu na ƙara a Agege. Na sayi burodin nan nasu tsaraba, dattijo ya haɗa ni da goro. Dawowa ba shinge ɗaya da ya kula ni, tunda ba duro. Mun shigo Na'ibawa ana kiran la'asar, tef ɗin yana aljihuna.