Rahoton da na sa wa hannu

A farkon wannan zangon karatu na ga sanarwa manne a ƙofar ajin 'yan shekara ta uku cewa an ɗage darasin ilimin halayyar ɗan Adam a fagen shari'a, kuma da na bincika sai na tarar da malamin darasin, wani matashi da ni na duba kundin digirinsa na biyu, yana ofis yana cusa kayan gwaji a jaka. Alƙali mai bincike ne ya aiko masa da takardar naɗi a karon farko, yana neman ya je gidan yari ya duba wani da ake tuhuma ya rubuto rahoto. Na tambaye shi da wane harshe mutumin yake magana, ya ce bai tambaya ba, amma ai ba a rasa tafinta a can. Na tambaye shi yaushe zai koma ganinsa karo na biyu, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai yini ɗaya ya isa, gwajin yana da ma'auni." Ban tanka masa ba, domin irin amsar da ni ma na taɓa bayarwa ke nan, kuma maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Malamin jami'a a Kamaru nauyi uku yake ɗauke da shi, wato koyarwa da bincike da hidima ga al'umma, kuma tashinsa daga matakin asistan, wato matakin farko na malanta, zuwa na gaba ya dogara ne da abin da ya wallafa. Mu masu wannan fanni hidimarmu takan kai mu kotu. Sashe na 78 na kundin hukunta laifuka ya ɗauke alhaki daga wanda taɓin hankali ya raba shi da ikon mallakar kansa ko da sanin cewa abin da yake yi laifi ne, ya kuma sassauta wa wanda lalurar ta taɓa shi ba ta gama da shi ba. Sashe na 80 ya ce babu alhaki a kan yaron da bai kai shekara 10 ba, kuma daga 14 zuwa 18 alhakin ragagge ne. Da kundin tsarin shari'ar laifuka ya fara aiki a Janairun 2007, alƙali mai bincike ya dawo da ikonsa na naɗa masani, ga shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, akasarinsu ma suna Yawunde da Duwala. A nan arewa duk wanda ke da digiri a ilimin halayya sai ya zama abin nema, ni kuwa ina cikin waɗanda aka nema, na kuma amsa da rawar jiki.

Wanda aka tura ni in duba wani saurayi ne makiyayi, Bafulatani, da ake tuhuma da hannu a satar shanun da aka yi kisa a cikinta, kuma ya riga ya amsa laifin tun a wurin da aka fara tsare shi. An ba ni wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, da teburi da benci. Ina jin Fulatanci irin na kasuwa, wanda zai ishe ni cinikin albasa a Marwa, amma ba zai ishe ni shiga zuciyar mutum ba, don haka na yarda wani gandiroba ya yi mana tafinta, yana tsaye a bayansa da makullai a ɗamara. Na fito da gwajin basira na Wechsler, bugun Faransa, wanda aka daidaita ma'auninsa a kan mutanen da suka yi makaranta a can, na zube masa 'yan dunƙulayen gwajin masu fari da ja da ake jerawa su ba da zane, na danna agogo. Yaron bai taɓa riƙe fensir ba. Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu, ya waiwaya ya dubi gandiroban kamar mai neman izini, sannan ya ajiye shi a hankali daidai inda ya ɗauka. Duk tambayar da na yi masa da "eh" yake amsawa, har da guda biyu da suka ci karo da juna, kuma bai ɗaga ido ya dube ni ba har muka tashi.

Abin da na rubuta da Faransanci mai kyau, wanda na yi alfahari da shi a lokacin, shi ne cewa basirarsa tana ƙasa amma ba ta kai ga ɗauke alhaki ba, cewa ba ya nuna nadama kuma yana kauce wa haɗa ido, cewa amsa laifin da ya yi abin yarda ne, kuma akwai fargabar zai sake. Wannan na ƙarshen ma ba a tambaye ni ba, ni na ƙara don rahoton ya yi kauri. Ni da na tashi a unguwa ɗaya da Fulani a Garwa, na san tun ina yaro cewa ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya zura wa babba ido, kuma Bafulatani ba ya nuna ciwonsa a gaban baƙo ko da wuƙa ake yanka shi. Na san wannan a gida, amma da na zauna gaban kwamfuta sai littattafan da na karanta suka danne abin da na sani, na mayar da kunya taurin zuciya.

Ba zan ce laifina ne ni kaɗai ba, kuma na daɗe ina faɗa wa kaina haka. Masani ba ya yanke hukunci, alƙali ne ke yankewa, kuma doka ba ta tilasta masa bin rahotona ba. Akwai shaidu a cikin fayil ɗin, akwai amsa laifin da aka rubuta tun kafin a san da ni. Babu wani gwaji da aka daidaita a kan makiyayan Diyamare, yankin da ke kewaye da Marwa, da zan ce na ƙi amfani da shi, babu tafinta mai rantsuwa da aka ba ni na kora, wa'adin da aka ɗiba mini kuma gajere ne. Mu da muka shiga aiki bayan zaftare albashi na 1993 da karya darajar sefa a Janairun 1994 mun san abin da 'yan jakunkunan ladan rahoto suke toshewa a gida mai yara. Duk wannan gaskiya ne, kuma har gobe idan wani wanda bai taɓa shiga gidan yari ba ya zo yana yi mini wa'azi a kai zan tsaya in kare kaina. Sai dai akwai abin da ba ya karuwa, domin a wancan lokacin ina koyar da shari'ar zargin lalata da yara ta garin Utro da ke arewacin Faransa, inda aka wanke mutum 13 tsakanin 2004 da 2005 bayan wasunsu sun shafe shekaru a tsare, kuma rahotannin masana halayya da suka ce maganar yaran abin yarda ce suna cikin abin da ya jefa su. Ina koyar da gwajin Loftus da Palmer na 1974, wanda ya nuna cewa sauya kalma ɗaya a cikin tambaya kan haɗarin mota yana sauya gudun da mai shaida zai ƙiyasta, har wasu su tuna da fasasshen gilashin da babu shi. Ina koyar da aikin masanin halayya Gudjonsson a kan mutanen da ke amsa laifin da ba su yi ba saboda tsoro ko saurin biye wa mai tambaya. Na rubuta waɗannan a allo da safe, da yamma kuma na bar mai makullai yana juya tambayoyina yadda ya ga dama.

Shekaru bayan haka, a wurin wani suna, lauyan da ya ɗauki ƙarar ya shaida mini cewa kotun ɗaukaka ƙara ta saki yaron, bayan kawunsa ya sayar da abin da ya rage na garken wajen bin shari'ar. Ya faɗa mini ne ba da zafi ba, muna cin tuwo, ya kuma ƙara da cewa sakin layin da na rubuta kan rashin nadama shi mai gabatar da ƙara ya karanta da ƙarfi a zaman farko.

Abin da ya fi damuna bai tsaya a kan yaron ba, ko da yake bai kamata in faɗi haka ba. Ni malami ne, kuma na kai wannan shari'a aji a matsayin misalin aiki mai kyau. Na cire sunansa, amma na bar garinsu da sana'arsa da shekarar, wanda a yankinmu daidai yake da kiran suna. Na ɗora ɗaliban digiri na biyu a kan wannan hanya, suka ɗauki gwajin nan suka shiga da shi gidajen yari da cibiyoyin yara, suka rubuto kundaye masu cewa kaso kaza na fursunoni basirarsu ta gaza, na sa hannu, aka ba su maki mai kyau. Kundayen suna nan a ɗakin karatu, na baya suna kwafa daga cikinsu. Darussan da na ɗage don zuwa kotu kuwa ban rama su ba, takardu na bari a wurin mai fotokofi, ɗalibai suka haddace suka ci jarrabawa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, ku matasan malamai irin wancan matashin, amma da na zo rubutawa sai na ga ba su da yawa. Idan ba ku jin harshen mutum, kuma ba a ba ku tafintan da ba shi da iko a kansa ba, ku mayar da takardar naɗin cikin ladabi. Na san abin da za ku ce, cewa idan kun ƙi wani wanda bai kai ku ba zai karɓa, kuma a nan kuna da gaskiya, musamman tun bayan dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, da aka cika wuraren tsaro da samarin kan iyaka masu jin Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Mafa kaɗai. To, ku karɓa, amma ku koma ku sake ganinsa a wata rana, ku nemi danginsa, ku fara da gaya masa a fili cewa ku ba likitansa ba ne kuma duk abin da ya faɗa alƙali zai karanta, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ku amsa abin da aka tambaye ku kaɗai. Ko ya yi ƙarya ko bai yi ba, ko shi ya aikata ko ba shi ba, wannan aikin kotu ne, kuma babu gwajin da ke cikin jakarku da zai nuna shi.

Sai dai ina shakkar ko za ku ji, domin yawancin masu shigowa fannin nan yanzu finafinai ne suka kawo su, suna zaton za su kalli fuskar mutum su karanta laifinsa. Mutum bai gama shekara biyu a aji ba ya buga kati ya rubuta masanin kotu a ƙarƙashin sunansa, ya ɗora a Facebook. Suna sauke gwaji daga intanet ba tare da littafin ma'auninsa ba, kuma idan ka tambaye su a kan waɗanne mutane aka daidaita shi sai su dube ka kamar ka yi saɓo. Mu dai ko ba komai mun karanta littafin kafin mu yi ɓarna da shi, ko da yake ban ga abin da hakan ya tsinana wa makiyayin nan ba.

Game da aji, kada ku ɗage darasi saboda kotu. Ɗalibin da ya taso daga Kusiri ko ya tsallako daga Cadi, iyayensa suna biyan hayar ɗaki da ƙyar, bai zo don ya karanta sanarwa a ƙofa ba. Ku nemi alƙalin ya ƙara muku wa'adi, yakan ƙara idan aka roƙa a rubuce. Idan kuma kuna son ɗalibai su san aikin, zaman kotun laifuka a buɗe yake ga jama'a in ba an rufe shi da dalili ba, ku kwashe su ku je ku zauna a benci na baya, kowa da littafinsa, su rubuta tsawon abin da wanda ake tuhuma ya faɗa da tsawon abin da tafinta ya mayar wa alƙali, sannan ku dawo aji ku kwatanta.