Mun Buga Littafin Mamatan Makarantarmu Babu Sunan Wanda Ya Ciyar da Mu

Fiye da rabin kuɗin da muka tara domin tunawa da mamatan makarantarmu a maɗaba'a ya ƙare, kuma an biya shi tun kafin wani daga cikinmu ya taka ƙofar gidan mamaci ko ɗaya. Ni ne sakataren kwamitin, rasit ɗin yana hannuna, kuma har yau in na ci karo da shi a cikin fayil sai raina ya sosu. Duk wanda ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai ke shirin irin wannan aiki, ya ji ta bakina kafin ya kira mai buga takardu.

Mu 'yan ajin 1984 ne, waɗanda suka shiga aji ɗaya a 1979, zamanin da ake shekara biyar a sakandare. Makarantar kwana ce ta maza, ta gwamnati. Da 2024 ta ƙarato aka fara maganar taron cika shekara arba'in, sai shugabanmu ya ce kada a tsaya ga cin shinkafa da ɗaukar hoto, a haɗa da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ɗalibai da malamai, a kuma buga littafi da sunayensu. Abin da ya zaburar da shi, in ji shi, bikin cika shekara 100 da tsofaffin ɗaliban Barewa suka yi a 2021. Kowa ya yi na'am. Sai dai Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, mamatanta su ne su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tarihinsu yana cikin littattafai, ɗan firamare ma ya san shi. Mu namu mamatan malaman makaranta ne, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwa, da soja, da direban tanka. Babu jaridar da ta ɗauki labarin rasuwarsu. Wanda yake son saninsu sai ya taka, ya je inda suka bar iyali.

Wurin taro da rumfuna da abinci duk sun tafi daidai, ba sai na ɓata lokaci a kansu ba. Ko gardamar da na fi jin tsoro ba ta yi nisa ba. Wani ya kawo shawarar a yi shiru na minti ɗaya, aka yi masa caa. Wasu suka ce a yi saukar Alƙur'ani, wasu suka ce su ba su san wannan a sunna ba. Aka tsaya a kan cewa liman zai yi addu'a, ɗaya daga cikin 'yan ajinmu Kiristoci zai yi tasu, mai son sauka kuma ya yi a masallacin makaranta da safe kafin a fara. Shi ke nan aka wuce wurin.

Sunayen ɗalibai a zaurenmu na WhatsApp aka tattara su. Nan ma akwai ɗan tarko, domin a zamaninmu da yawa da sunan garinsu aka yi musu rajista, daga baya suka koma amfani da sunan mahaifi, ga kuma masu suna iri ɗaya a aji ɗaya. Lambar shiga makaranta ce ta raba gardama, har ta ceci wani bawan Allah da ke raye da ransa a Fatakwal daga shiga jerin mamata. Kada a rubuta sunan kowa sai da lambarsa, sai kuma wani ya ce shi ya je jana'izar ko ta'aziyyar da ƙafarsa. Da jerin ya haɗu jikin kowa ya yi sanyi: wasu hatsarin mota, wasu ciwon suga da hawan jini, ɗaya a turmutsutsun Mina na 2015. Tsofaffin malamanmu da suka yi ritaya suka zauna a Kano kuwa, an rasa da dama a mace-macen watan Afrilu zuwa Mayun 2020, lokacin da ake kulle saboda korona, yawancinmu sai daga baya muka ji.

Daga nan aka shiga gaggawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin takarda kullum hawa yake. Mai maɗaba'a ya ce in ba a biya a makon ba, farashin da ya bayar ya tashi. Na ce a dakata mu zaga gidajen tukuna, mu ji daga bakin iyalai. Shugaba ya yi dariya ya ce, "Sakatare, kai dai ka cika nawa. Sunaye ba ga su a hannu ba?" Aka zaɓi takarda mai sheƙi, hoto mai kala, bango mai kauri, da shafukan taya murna na waɗanda suka ba da gudunmawa mai tsoka. Aka biya.

Sai da katan-katan na littafi suka iso muka fita rabon katin gayyata. A gidan marigayi malaminmu na lissafi, matata ce ta shiga ciki, ni na tsaya a zaure, daga baya uwargidansa ta fito ta zauna daga bakin ƙofa muka gaisa. Ta karɓi littafin, ta daɗe tana kallon hoton maigidanta, ta yi mana addu'a. Sannan ta shiga buɗa shafuka tana neman wani abu, har ta kai ƙarshe, ta ce, "To 'ya'yan nan, ina Baba Kuku? Ko ba ku ji ya rasu ba?"

Wallahi ban iya ce mata komai ba. Ta ce Malam ya sha faɗa cewa rabin yaran makarantar nan ba don Baba Kuku ba da ba su gama ba. Kuma gaskiya ce. Shi ne yake ɓoye wa ƙananan yara ƙanzo idan siniyoyi sun ƙwace musu gabza. Shi ne yake tashi tsakar dare da azumi ya hura wuta domin sahur ɗin ɗaruruwan yara, cikin hunturu ko bazara. Wanda aka yi hutu ba shi da kuɗin mota, a zaurensa yake kwana har a aiko. Na dawo na saka tambayar a WhatsApp, cikin awa guda labaransa suka cika zauren, wani babban ma'aikacin banki har da muryar kuka. Sai na tambaya: to mene ne sunansa? Tsit. Mutum ya ciyar da mu shekara biyar, babu ko ɗaya a cikinmu da ya san sunansa na yanka. Haka maigadi, haka direban motar makaranta, haka mai wanki, haka disfensa, haka dattijon da ke kaɗa ƙararrawa. Littafin da muka kashe wa wannan uban kuɗi ya ce "ɗalibai da ma'aikata" a bangonsa, amma a cikinsa babu ma'aikacin da bai riƙe alli ba.

Neman sunayen ya fi duk sauran aikin wuya, kuma dalilin a fili yake. Ɗalibi yana da rajista, malami yana da fayil. Masu dafa abinci da masu gadi kuwa yawancinsu a matsayin leburori aka ɗauke su, a kan takardar biya kawai sunansu yake fitowa, su dangwala yatsa su karɓi kuɗinsu. Wasu an sallame su a rage ma'aikatan da aka yi a 1984, shekarar da muka fita. Aka zo aka raba jiharmu a 1991, takardu suka rabu gida biyu. Abin da ya rage a sito na makarantar kuma gara da yoyon ruwan sama sun gama da shi. Shugaban makarantar na yanzu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi kansa ba a haife shi ba lokacin da Baba Kuku ya fara aiki.

Mai unguwar ƙauyen da ke bayan katangar makaranta ne ya warware mana. Ya haɗa mu da liman, liman ya kai mu wurin wani tsoho da ya yi aiki a kicin ɗin, idonsa ya kusa tafiya amma ƙwaƙwalwarsa garau. Muna zaune a kan tabarma ya dinga jero su, kowa da sunansa da sunan mahaifinsa da garinsu da abin da ya yi ajalinsa, wannan sanƙarau na 1996 ne, wancan tsufa ne, wancan ya koma garinsu can ya cika. Ina rubutawa hannuna na rawa. Da a ce mun makara da shekara ɗaya ko biyu, Allah kaɗai ya san ko za mu same shi. Wannan dattijo yana zaune taku kaɗan daga inda muka kafa rumfunan taro, kuma babu wanda ya yi tunanin tambayarsa kafin a kai aiki maɗaba'a.

Gidan Baba Kuku ba nisa. Babban ɗansa ya fito, ya durƙusa ya gaishe mu duk da ya kusa sa'anmu, ya ce, "Alhaji, ashe kuna tune da shi?" Ɗaki ɗaya ya rushe tun daminar bara. Jikoki uku sun bar makaranta. Da muka matsa da tambaya, cikin jin nauyi ya ce akwai bashin hatsi da na magani da Baba ya bari a wurin wani ɗan kasuwa, suna biya kaɗan-kaɗan. Kowa ya san hadisin da ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Da ya faɗi adadin sai na ji kunya ta rufe ni, domin bai kai abin da muka ƙara wa mai maɗaba'a don a yi bango mai kauri ba. A ranar aka biya shi, daga aljihun mutum biyu. Amma rijiyar burtsatsen da mutanen ƙauyen suka ce ita ce babbar buƙatarsu, wadda da ta zama sadaka mai gudana ga mamatan gaba ɗaya, ba mu iya ba. Kuɗinta yana cikin katan.

Littafi dai an riga an buga. Abin da muka iya shi ne takarda ɗaya, baƙi da fari, muka yi hotonta a shagon kwamfuta, muka maƙala a cikin bangon kowane kwafi. A wurin taro na roƙi shugaba a fara karanta waɗannan sunaye kafin na kowa, ya amince ba musu, don shi ma abin ya taɓa shi. Da aka ambaci sunan Baba na gaskiya babu wanda ya motsa, sai da mai karatu ya ƙara da "wato Baba Kuku", wurin ya ɗauki Allah ya jiƙansa. Iyalansu suna zaune a layin gaba. Wannan kam na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Ga wanda zai yi irin wannan aiki, zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ce ya kamata ta riga kuɗi fita. A zaga gidaje tukuna. A tafi da mace, matar ɗaya daga cikinku, domin namiji iyakarsa zaure, kuma abin da uwargida za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta ba za ta faɗa maka ba. In rasuwar sabuwa ce a tuna tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba lokacin kai mata katin taro ba ne. Kada hoto ya zama farkon abin da za a nema. Wasu gidajen ba su da shi, wasu ba sa so a buga, kuma haƙƙinsu ne. A tambayi bashi, a tambayi karatun yara, a tambayi ko haƙƙin marigayi na garatuti da fansho ya fito, don a cikinku ba za a rasa wanda ya san hanyar bin fayil ba. Mu mun samu gida biyu na malamai da takardunsu suka maƙale shekara da shekaru, wani ɗan ajinmu lauya ne yake bi yanzu. Abin da aka kai kuma kada a ɗauki hotonsa a watsa. Bayan duk wannan, abin da ya rage a asusu shi ne kuɗin littafi, in ma takardar jarida ya isa a buga da ita. In mai maɗaba'a ya ce farashi zai tashi, a ce masa ya tashi.

Malamanmu baƙi suna nan a wani rukuni dabam. A shekarun nan makarantun arewa cike suke da 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Ghana, ga 'yan hidimar ƙasa da ke zuwa shekara ɗaya su wuce. 'Yan Ghana da yawa sun tafi bayan umarnin korar baƙi marasa takardu na 1983, muna aji huɗu, wasu ko sallama ba mu yi ba. Wani ya so a zuba su cikin mamata, wai ai yanzu sun tsufa. Na ƙi. Mun buɗe musu shafi na waɗanda labarinsu ya yanke mana, har sai an samu tabbaci.

Kafin mu bar makarantar na sayi babban littafi mai bango, irin na rajista, na shiga kicin na rubuta sunan duk wanda ke aiki a ciki yau, da sunan mahaifi da gari da lambar waya, na bi masu gadi da masu shara na yi haka. Da yawansu ɗan kwangilar abinci ne ya ɗauke su, don haka su ma babu fayil ɗinsu a ofis. Kwafi ɗaya yana wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a hannuna. 'Yan ajin 1985 sun kira ni suna tambayar lambar mai maɗaba'armu, na ba su ta mai unguwa.